Sabon iyafis mai shiga ramin kunne: tambayoyi da amsoshi kan sautinsa da zamansa a kunne

Waɗannan tambayoyi ne da 'yan'uwa ke yawan kawowa a nan Kumasi, daga Aboabo, Asawase da Sawaba har zuwa masu sauka Adum sayen kayan waya, bayan sun ɓare sabon iyafis irin mai robar nan da ake cusawa cikin kunne. Kusan duk koke-koken a ranar farko suke tasowa, kuma akasarinsu tushensu guda ne. Irin wannan iyafis, daɗin sautinsa ya rataya ne a kan yadda robarsa ta toshe kunne. Wanda ya yanke masa hukunci kafin ya dace da robar da ta yi daidai da kunnensa, bai ji kayan da ya saya ba tukuna.

Na sa shi sai na ji sauti siriri, babu bes (sauti mai kauri) ko kaɗan. Jabu aka sayar mini?

Mai yiwuwa ne, amma kada ka yi saurin komawa shago da faɗa. Sau da yawa iska ce ke fita ta gefen roba.

Sifikar da ke cikin iyafis 'yar mitsitsiya ce, galibi faɗinta tsakanin milimita 6 zuwa 12. Abu mai wannan ƙanƙanta ba shi da ƙarfin girgiza iskar ɗaki kamar manyan sifikun gidan biki. Dabarar da yake yi ita ce ya kulle 'yar iskar da ke tsakanin bakinsa da dodon kunnenka, a cikin ramin da tsawonsa bai wuce kimanin santimita 2.5 ba, sai ya riƙa matsa ta yana saki. Muddin iskar nan a kulle take, ƙaramin motsi ya isa ya ba ka sauti mai kauri har ka ji shi a ƙirji. Da zarar an samu kafa komai ƙanƙantarta, matsin ya tsere, kuma sauti mai kauri shi ne farkon tafiya. Kamar kalangu ne da fatarsa ta huje: makaɗin na bugawa, amma amon ya mutu.

Ka gwada wannan yanzu. Kunna waƙa mai ganga, ka sa yatsa ka ɗan danna iyafis ɗin ciki a hankali. Idan bes ya dawo lokacin da kake dannawa, ya ɓace da ka saki, to kayanka lafiya lau yake, robar ce ba taka ba.

To yaya ake sa shi daidai, kuma ta yaya zan gane ya zauna?

Ramin kunne ba miƙaƙƙe ba ne, yana da lanƙwasa. Idan za ka sa na dama, zagayo da hannun hagu ta saman kai, ka kama saman kunnen ka ja shi sama da baya kaɗan, ka ɗan buɗe baki. Ramin zai miƙe. Sai ka tura robar kana ɗan murzawa, sannan ka saki kunnen ya rufe a kanta. Duba harafin L da R tukuna. Na ga manya da yawa suna fama da ciwon kunne alhali musanya su suka yi. A kan masu igiya, jan launi yawanci na dama ne.

Alamar ya zauna: hayaniyar waje za ta ja baya tun ba ka kunna komai ba, kuma in ka rufe baki ka yi gunji a maƙogwaro za ka ji muryarka ta cika kanka. In ka ɗan ja shi waje, za ka ji yana riƙewa. AirPods Pro, tun fitowarsa a 2019, yana da gwajin zaman roba a cikin saitin iPhone, wasu Galaxy Buds ma suna da irinsa a manhajar Samsung. Suna taimakawa, amma kunnenka ya fi su sanin gaskiya.

Robobi uku na tarar a kwalin. Wanne zan ɗauka?

Duka ukun za ka gwada. Kamfani kan ɗaura matsakaiciya a jiki, ƙarama da babba suna cikin 'yar leda, kuma abin takaici mutane da yawa suna jefar da ledar tare da kwali tun a bakin shago. Kada ka yi haka. Ka fara da matsakaiciya, in iska na fita ka hau babba, in tana tura kanta waje ko tana matse ka ka sauka ƙarama. Ba abin mamaki ba ne kunnen dama ya so babba, na hagu ya so matsakaiciya, domin kunnuwan mutum ɗaya ma ba su cika zama daidai da juna ba.

Akwai kuma robar soso, wadda ake murzawa ta ƙanƙance, a sa a kunne, a riƙe kamar daƙiƙa 20 zuwa 30 har ta kumbura ta cike ramin. Ta fi toshe hayaniya, ta fi taushi, tana kuma rage kaifin sauti. Illarta a garinmu ita ce tana shan gumi da datti, ba ta wankuwa sosai, ga saurin yagewa. Mai yini cikin zafin kasuwar Kejetia yana zufa, a ganina ta silikon ta fi masa, don ana cire ta a wanke da ruwa da sabulu a shanya.

Bayan ɗan lokaci sai kunnena ya fara ciwo. In daure har in saba?

A'a. Baƙunta daban, ciwo daban. Wanda bai taɓa sa irinsa ba zai ji wani iri a kwanakin farko, wannan yana wucewa. Amma zafi, ko tsami a wuri ɗaya, ko jin kamar ana hura maka iska a kai, ba abin daurewa ba ne.

Ka lura da inda ciwon yake. In a cikin rami ne, robar ta yi girma ko ka cusa ta da zurfi. In a waje ne, wajen guringuntsin kunne, to jikin iyafis ɗin ne ya fi ƙarfin kunnenka, kuma sauya roba ba zai gyara wannan ba. Mata da yara da masu ƙananan kunnuwa sun fi cin karo da wannan, musamman da manyan nan masu sifiku da yawa a ciki. In kuwa matsi ne kamar na mai hawa mota zuwa kan tsauni, ka duba ko jikinsa yana da ɗan hujin shan iska. Marasa huji su suka fi kawo haka. Idan ciwon ya zo da ƙaiƙayi, ruwa ko wari, ajiye iyafis gaba ɗaya ka ga likitan kunne. Asibitin koyarwa na Komfo Anokye yana da sashen kunne, hanci da maƙogwaro.

Ina jin takuna da taunata da numfashina a cikin kai. Lafiya kuwa?

Lafiya. Sautin jikinka yana bi ta ƙashin kai ya shiga ramin kunne, a da yana ficewa ta buɗaɗɗen kunne, yanzu kuwa ka toshe ƙofar. Alama ce ma ta cewa robar ta zauna. Yawancin mutane sukan daina lura da shi.

Duk lokacin da na tura shi sai in ji 'yar ƙara kamar an murza leda. Zai lalace ne?

Iskar da ka tura ce ta lanƙwasa siririn fatar sifikar, ta kuma koma mazauninta. Ba kasafai yake kawo lahani ba. Ka riƙa sawa a hankali, baki a ɗan buɗe.

Da me ya kamata in gwada sautin a ranar farko?

Da abin da kunnenka ya haddace. Wannan ya fi duk wata waƙar gwaji da wani zai ba ka. In kai mai sauraron karatun Alƙur'ani ne, sa ƙira'ar da ka saba ji tun kana yaro, ka saurari muryar: shin tana da jiki da ɗumi kamar mutum yana gabanka, ko ta koma kamar daga cikin gwangwani? Shin haruffan maƙogwaro suna fita sarai, kana rarrabe sin da sad ba tare da ka ƙure kunne ba? Muryar ɗan Adam ita ce gwaji mafi tsanani, domin kowa ya san yadda take, ba a iya yaudararsa a kanta.

Daga nan ka sa abu mai kiɗa. A kiɗan ganga ka saurari ko kowane bugu yana fita da kansa, yana tsayawa kafin na gaba ya zo, ko kuwa duk sun cakuɗe sun zama gurnani ɗaya. A kiɗan hailaif, inda jita da ƙahoni da mawaƙi ke tafiya tare, ka ga ko za ka iya bin jita ita kaɗai da kunne har ƙarshen baiti. Iyafis mai arha da yawa ana cika masa bes da gangan don ya burge cikin minti ɗaya a bakin shago. Sai ka kai gida ka sa wa'azi ka tarar muryar malam ta nutse a ƙarƙashin dum-dum. Ni dai na fi son bes mai tsafta da ya san wurinsa a kan mai yawa da ke danne kowa.

Abu biyu ka kiyaye kafin gwajin. Na farko, kashe duk wani ƙarin armashin sauti da ke cikin wayar, irin su DTS a wayoyin Tecno da Infinix ko Dolby a wasu, don ka ji iyafis ɗin shi kaɗai. Na biyu, kada ka yi gwaji da saƙon murya na WhatsApp ko waƙar da ta bi wayoyi goma ta Xender ba a san asalinta ba. Sau da yawa an riga an matse su, sun zubar da rabin kyansu. Nemi mai inganci a Boomplay, Audiomack ko Spotify, ka ɗaga ingancin a saiti. Kuma ka yi gwajin a ɗaki, da dare in da hali, ba a tashar mota ba.

Haruffan "s" da "sh" da "ts" suna sukar kunnena. Me ya jawo?

Wannan kaifin yana zaune ne a sautuka na sama, wajen 5,000 zuwa 8,000 Hz, wato ma'aunin kauri ko sirancin sauti. Wasu kamfanoni suna ɗaga wurin don sautin ya yi kamar ya fi fita tar. A minti biyar na farko sai ka ce kai, wannan ya iya bayyana komai. Bayan awa ɗaya sai kai ya ɗau ciwo. Hausa kuwa cike take da waɗannan haruffa, shi ya sa mai sauraron labarai ko tafsiri yake saurin gano matsalar fiye da mai jin kiɗa zalla.

Kafin ka haƙura da shi, tabbatar da robar ta toshe, domin rashin bes yana sa saman ya yi kamar ya fi yawa. Gwada roba mai ƙaramin baki ko ta soso. In bai yi ba, shiga ikwalaiza, wato saitin daidaita sauti a waya, ka rage wajen 6,000 zuwa 8,000 da desibel (ma'aunin ƙarfin ƙara) 2 ko 3. In har yanzu yana suka, halinsa ne, ba zai canza ba.

An ce sai na bar shi yana kiɗa awa 100 kafin sautinsa ya buɗe. Gaskiya ne?

Maganar ta yaɗu ƙwarai, amma awon da aka yi da na'ura bai nuna wani canjin kirki ba, in ma akwai to ɗan kaɗan ne da bai kai bambancin da sauya roba ke kawowa ba. Abin da ke canzawa da gaske shi ne kai. Ƙwaƙwalwa tana sabawa da sabon sauti, hannunka yana ƙwarewa wajen sawa, robar ma tana ɗan yin laushi. Don haka ina goyon bayan a ba sabon iyafis 'yan kwanaki kafin a yanke hukunci. Abin da ba na goyon baya shi ne mai shago ya ce maka ka je ka kunna shi mako biyu zai gyaru, alhali a lokacin damar mayar da kaya ta wuce.

Na ga an rubuta sifiku biyar a kowane kunne. Ya fi mai ɗaya ke nan?

Ba dole ba. Akwai sifika mai fata da maganaɗisu, irin ta rediyo amma ƙarama, ita ce gwanar bes. Akwai kuma wata 'yar ƙarama mai siffar akwati da aka daɗe ana sawa a na'urar taimaka wa masu ƙarancin ji, ta iya fitar da murya da sautin sama. Wasu kamfanoni suna haɗa su. Amma haɗawar sai gwani, in ba haka ba kowacce ta kama gabanta. A 2022 an ga ƙananan iyafis masu sifika ɗaya tak, irin su Moondrop Chu da 7Hz Salnotes Zero, sun yi suna a duniya a kan kuɗi kaɗan, saboda an daidaita sautinsu da kyau. Rubutun "20 Hz zuwa 20,000 Hz" da ke bayan kwali ma kada ya ruɗe ka. Iyakar jin ɗan Adam ce kawai aka rubuta, kusan kowane kwali yana ɗauke da ita, mai kyau da marar kyau.

Wayata ba ta da ramin iyafis. Na sayi ɗan mahaɗi na USB-C amma shiru.

Tun da Apple ya cire ramin milimita 3.5 a iPhone 7 a 2016, kamfanoni da yawa suka bi sahu. Mahaɗin iri biyu ne: wani igiya ce zalla, wani yana da ɗan ƙwaƙwalwar sarrafa sauti a ciki, ana rubuta DAC a kwalinsa. Wayoyin Samsung marasa rami na biyun suke buƙata. Ka tafi da wayarka a gwada a gabanka, har da makirufo.

Mai bulutut ko mai igiya?

A kuɗi ɗaya, mai igiya ya fi sauti kusan kullum, domin kuɗin mai bulutut ya rabu tsakanin batir, akwatin caji, makirufo da sauransu. Mai igiya ba ruwansa da ɗaukewar wuta, ba ya jinkirin sauti a wasa ko bidiyo, kuma in igiyarsa mai cirewa ce, ranar da ta tsinke sabuwa kawai za ka saya. Mai bulutut ya fi sauƙin sha'ani ga mai aiki da hannu biyu, tela ko mai awo a kasuwa, sai dai batirinsa yana raguwa shekara bayan shekara kuma galibi ba a canza shi. In shi ka zaɓa, nemi mai alamar IPX4 ko sama, saboda gumi da yayyafin daminar Kumasi.

Hajiya ta ce igiyar tana ƙara a kunnenta duk lokacin da ta gogi hijabi.

Hajiya, girgizar gogayyar ce ke bin igiya har cikin kunne. Ki zagaya igiyar ta bayan kunne kafin ta sauko, ki sa ta ƙarƙashin hijabin, ki maƙale ta a wuyan riga da ɗan maƙalin da ke zuwa a wasu kwalaye. Zai ragu ƙwarai. In mai bulutut ne kuma hijabin yana ture shi, marar dogon wutsiya ya fi zama.

Gefe ɗaya ya fi ɗaya ƙara.

In sabo ne fil, musanya su: sa na dama a kunnen hagu. Idan raunin ya bi iyafis ɗin, duba saitin daidaita hagu da dama a wayar, sannan ka gwada a wata waya. In bai sauya ba, aibin kamfani ne, mayar da shi. Idan kuwa raunin ya tsaya a kunne ɗaya ko wanne ka sa, kunnen ne ke buƙatar dubawa.

In ya kwana biyu a hannunka, cire robar ka kalli 'yar ragar da ke bakinsa a haske. Yawanci za ka tarar dattin kunne ya liƙe ta. Juya bakin ƙasa, ka share da busasshen buroshin haƙori mai laushi. Kada ka sa allura. Abin da ya shafe mu musamman shi ne alwala: mutum ya shafi kunne, ya idar da salla, ya mayar da iyafis kunne da sauran danshi. Danshin yana toshe ragar, yana kuma jawo ciwon ramin kunne idan aka kulle shi ciki na awanni. Goge kunne ya bushe tukuna. Kuma ba kayan aro ba ne. In dole ne ka ba ɗan'uwa ya ji, sauya masa roba.

Iyafis mai fasahar kashe hayaniya zai yi mini maganin ƙarar motar haya ta turoturo?

Zai rage rurin inji da gurnanin taya sosai, domin fasahar ta fi ƙarfi a kan sauti mai kauri da ba ya sauyawa. Kiran yaron mota, hon da kukan jariri kuwa, robar ce ke tare su fiye da fasahar. Wato nan ma maganar ta koma kan roba.

Amma don Allah, mai tuƙa babur ko firagiya (mai ƙafa uku), da mai tsallaka titi a Kejetia ko Aboabo, kada ya toshe kunnuwansa biyu. A cire ɗaya, ko a ajiye duka har a isa.

Wane mataki na ƙara ne ba ya cutar da kunne?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi, ita ce kuma aka fi mantawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da haɗari ba, yara kuwa desibel 75. Idan ƙarar ta kai 90, lokacin ya faɗo zuwa awa 4 kacal a mako. Hukumar ta kuma yi gargaɗin cewa matasa sama da biliyan 1 a duniya suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. Ƙananan ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne, in sun mutu ba sa sake tsirowa, kuma ba sa mutuwa da ciwo balle ka farga.

Shawarar da ake bayarwa ita ce kada ƙarar ta wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin wayar, a riƙa kuma hutar da kunne. Sai dai irin waɗannan iyafis ba sa buƙatar wuta da yawa, wasunsu a kashi 40 ma sun yi ƙara. Ka saita ƙarar a wuri shiru, in ka shiga hayaniya ka bar ta a nan. In ka cire ka ji kunne yana kuka ko magana ta dushe, ka wuce iyaka a ranar. Ga amfanin roba mai zama daidai a nan: da yake ta riga ta tare hayaniyar waje, ba ka da dalilin ƙure murya.

Me zan tambaya a shago kafin in biya?

Tambayi mai shago ƙarara: in na kai gida na tarar gefe ɗaya ba ya yi, kwana nawa nake da su in dawo da shi? Ya rubuta maka a rasit. Buɗe kwalin a gabansa, ka ƙirga robobin, ka haɗa da wayarka, ka kira wani don a gwada makirufo. Sunayen da suka yi fice kamar Oraimo, AirPods da Galaxy Buds su aka fi kwaikwaya, don haka farashin da ya faɗi ƙasa da na sauran shaguna nesa ba kusa ba abin tsayawa a duba ne. Yawancin masu shago ba sa karɓar kaya don kawai bai zauna a kunnenka ba, saboda haka mai ƙaramin kunne ya kalli girman jikin iyafis ɗin da kyau, ya kuma tambaya ko akwai robar da ta fi ƙarama ƙanƙanta kafin kuɗi su bar hannunsa.